Buhun sukari ko ajin siminti: me muke tambayar magajin gari?

Jama'a, tun watan Afrilun 2024, lokacin da hukumomin soja suka rusa majalisun ƙananan hukumomi da na birane da na jahohi, babu magajin gari ko ɗaya a ƙasar nan da ƙuri'ar talaka ta ɗora bisa kujera. An maye gurbinsu da kantomomi da aka naɗo daga Yamai, da yawansu masu kaki. A watan Maris na 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya, aka tsaida wa'adin shekara 5. Da aka kori magadan gari ban ji wanda ya yi kuka ba. A fada, a tasha, a bakin kasuwa, maganar guda ce: "Gara haka, dama me suka tsinana mana?"

Ban zo wanke kowa ba. Akwai magadan garin da suka ci amana, kowa ya san na garinsu. Amma akwai tambayar da nike ganin mun tsallake ta, kuma in ba mu tsaya mun amsa ta yanzu ba, ranar da aka maido da akwati za mu koma gidan jiya. Shekara 20 muka yi muna zaɓen kansiloli. A cikin shekarun nan, me muka riƙa tambayarsu? Wanda ya ba mu me muke saka wa da ƙuri'a, wanda ya hana mu me muke kayarwa? Ɗan siyasa ɗalibi ne mai saurin ɗaukar karatu. Abin da ya ga yana kawo ƙuri'a shi yake zuba wa kuɗi, abin da ya ga ba ya kawowa sai ya bar shi ga Allah da ƴan poroje.

Bari in tuna mana yadda abin ya faro, don samarin da ke karanta wannan shafi da yawansu ba su yi wayo ba a lokacin. A watan Yulin 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi da ya kafa komin sama da 250 a faɗin ƙasa. Kafin nan, wanda Yamai ta aiko shi ke mulkin gari, kuma ba ya neman yardar kowa. A watan Janairun 2011 aka sake zaɓe, wannan karo har da majalisun jahohi. Wa'adin waɗannan ya cika a 2016, amma aka yi ta ɗage zaɓe ana ƙara musu lokaci har zuwa 13 ga Disamban 2020. A 2016 ɗin ne gwamnati ta fidda dokokin da suka miƙa wa komin da jahohi wasu ayyuka a fanni huɗu: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. A taƙaice, ginin lakkwal ta firamare da kula da ita, rijiya da famfon ƙauye, ƙaramin gidan likita, shara da magudanar ruwa sun koma wuyan magajin gari. Makarantun sakandare kuma suka koma wuyan majalisar jaha.

Aiki dai an miƙa. Kuɗin ne ba su biyo baya yadda ya kamata ba, kuma duk mai son yin adalci dole ya fara da wannan. Ku ɗauki lanhon da ake karɓa a komin ɗin karkara, dala ɗari da arba'in ga kowane baligi a shekara, wato sefa 700. A ce komin tana da masu biya 40,000, a ce kuma kowa ya biya, abin da bai taɓa faruwa ba. Miliyan 28 ke nan. In muka ƙaddara ajin siminti guda miliyan 7 ne, aji huɗu ke nan a shekara, ba a biya albashin sakatare ba, ba a sa wa mota mai ba, ba a biya kuɗin zaman kansiloli ba. Sauran sai abin da aka tsinta a kasuwar mako da tasha da turken dabbobi, sai ɗan abin da ke gangarowa daga Yamai ta hanyar ANFICT in ya gangaro, sai kaso 15 cikin ɗari na kuɗin ma'adinai da man fetur da doka ta ce a maida wa yankunan da ake haƙowa, wanda an sha jin zaɓaɓɓun Agadas da Difa suna kukan bashinsa.

To, wannan shi ne ya sa tambayata take da nauyi. Mai kuɗi da yawa yana iya yin ɓarna kuma ya yi aiki. Wanda ke da kaɗan, duk dalar da ta tafi hagu ba za ta tafi dama ba. Ina kaɗan ɗin nan ke tafiya, kuma wa ke ja masa akala?

Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan magajin gari da sassafe ya san amsar. Tun kafin ya gama lazimi mutane sun cika zaure. Wannan da takardar magani a hannu. Wancan matarsa ta haihu, suna jibi, babu rago. Ga tsohuwa da rufin ɗakinta ya faɗa. Ga shugaban samarin unguwa yana neman kuɗin shayi da ƙwallo da riguna. Ga wakilin liman, katangar masallaci ta zube. Ga wanda ɗansa ke hannun jandarma yana son a sa baki. Ga mai neman kuɗin mota zuwa Agadas. Kowa da uzurinsa, kuma wallahi yawancinsu gaskiya ne, ba wanda ke sha'awar tsugunawa a zauren wani da safe. Amma ku lissafa cikin mutum talatin ɗin nan nawa ne suka zo su ce, "Ranka ya daɗe, kanibon unguwarmu ya cushe, damina ta kusa." Nawa ne suka zo su ce aji uku na makarantar ƴaƴanmu zana ce? In an samu guda, to, a rubuta ranar.

Magajin garin da ya sallami zauren nan da fara'a, ko da jika-jika ne, shi ake kira mutumin kirki, mai hannu sake, ɗan mutunci. Wanda ya ce kuɗin komin ba na suna da biki ba ne, an ware su don rijiya, kafin la'asar labari ya zaga gari: ya yi girman kai, ya manta da waɗanda suka ɗora shi, rowa gare shi kamar me. Ranar zaɓe kuma ba rijiyar ake tunawa ba, ranar da aka fito daga zaurensa hannu wofi ake tunawa. Mu ne muka rubuta wannan darasi a allo, su kuwa suka haddace.

Lokacin kamfe abin ya fi fitowa fili. Zani mai hoton ɗan takara ga mata, sabulu, buhun sukari da shayi ga kowace fada, mai ga ƴan kabu-kabu, makaɗa da maroƙa, sai jika guda ko biyu a daren zaɓe. Ɗan takarar da ya shigo gari da takarda yana bayanin abin da zai yi cikin shekara biyar, ana sauraronsa cikin ladabi, in ya gama a tambaye shi, "To, me ka kawo mana?" Kuɗin nan kuma ba daga sama suke faɗowa ba. Wani Alhaji ne ya zuba, kuma ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗi inda ba za su dawo ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Askin shi ne kwangila: ajin da bangonsa ke tsagewa kafin damina biyu, rijiyar da aka karɓi kuɗinta ta tsaya rabi, teburan da aka rubuta ɗari aka kawo sittin. Sukarin da aka sha a fada watan Disamba, yaron da ke zaune a ƙasa cikin aji shi ke biyan kuɗinsa shekara biyar.

Akwai wata hanyar biya da ba a cika maganarta ba, ita ce yankan filaye. Komin da ba ta da kuɗi tana da ƙasa, kuma kowa a ƙasar nan yana son fili. Da fili ake sallamar mai zuba kuɗi, da shi ake rufe bakin kansila, da shi ake faranta ran mai faɗa a ji. Haka aka yi ta yanka har aka shiga hanyoyin ruwa da fadamu da wuraren da tsofaffi suka san ba a kwana a cikinsu da damina. Wani wuri har filin da aka keɓe wa makaranta ko kasuwa ya tafi. Wanda ya samu takardar fili ya yi murna, ya sa albarka, ya ba da ƙuri'a. Ruwa kuwa bai san takarda ba.

Wannan ya kawo ni ga abu na biyu da muke saka wa da ƙuri'a, wato abin da ido ke gani. Ku tuna bukukuwan 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da su: Doso Soga a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018, Tillaberi Candalo a 2019. Kuɗin gwamnatin tsakiya ne, ba na komin ba, amma lissafin siyasar iri ɗaya ne. An shimfiɗa kwalta, an kafa fitilu, an gina dandali da masaukin baƙi da shataletale. Ba na ce duk banza ne, wasu hanyoyin har yau muna bin su muna jin daɗi. Sai dai ku lura da irin aikin da aka zaɓa: wanda ake yanke wa kyalle, a ɗauki hoto, a nuna a talabijin. Ba a yanke kyalle don an yashe kanibo. Ba a kiran makaɗa don an sauya wa famfon ƙauye roba, ko an biya mai gadin makaranta, ko an sayi alli. Aikin kula da abin da aka riga aka gina ba shi da ranar buki, shi ya sa ba shi da uba.

Tun zamanin marigayi Tandja muka ga alamar haka. Shirinsa na musamman, wanda aka yi da kuɗin yafe bashi, ya baza azuzuwa da ƙananan gidajen likita da rijiyoyi a ƙauyuka, kuma mutanen karkara sun saka masa a zaɓen 2004. A nan ƙuri'a ta yi aikin kirki, don ta nuna wa ƴan siyasa cewa ƙauye ma yana da ido. Amma gini ake gani, shi aka saka wa. Ma'aikacin da zai zauna ciki da maganin da za a ba mara lafiya ba su da hoto, sai ga gine-gine da dama a kulle ko babu komai ciki. Haka maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 da tiyatar haihuwa da aka ce kyauta ne tun wajejen 2006: sanarwar ta yi daɗin ji, amma biyan gidajen likita kuɗinsu ya yi ta jinkiri, har uwa ta je da yaro a ce mata kyauta ne amma babu, ta je farmasi. Wa ya taɓa faɗuwa zaɓe don bai biya wannan bashi ba?

Damina ita ke zuwa ta duba littafin. A watan Satumban 2020 kogin Kwara ya fasa madatsa a Yamai ya shiga Lamorde da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, wata uku kafin zaɓen kansiloli. A 2024 abin ya wuce misali: sama da mutum 300 suka rasu a faɗin ƙasa, fiye da miliyan 1 suka shiga halin ni-ƴasu, jahar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Damagaram tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 150 a tsaye, ya rushe a farkon Satumba. Har komawa makaranta sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba, don azuzuwa sun zama masaukin waɗanda gidajensu suka faɗi. Ruwan sama na Allah ne, kuma ruwan 2024 ko wane irin kanibo sai ya cika. Amma tsakanin unguwar da ruwa ya samu hanya ya wuce da wadda ya samu leda da yashi da ginin wani a kan hanyarsa, akwai bambancin rayuka. Bayan ambaliya kuma me muke nema? Buhun shinkafa da tabarma da bargo, a gaban kamara. Wanda ya kawo buhun shi ne gwarzo. Wanda zai yashe magudana a watan Mayu, lokacin da ko gajimare babu, ba wanda zai san sunansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai dai shi ne maganar azuzuwan zana. Ranar 13 ga Afrilun 2021 gobara ta tashi a wata makaranta da ke unguwar Pays-Bas a Yamai, yara 20 suka ƙone, akasarinsu ƴan rainon da ba su san inda za su gudu ba. Ranar 8 ga Nuwamban shekarar aka sake yi a Maraɗi, aƙalla yara 25. Hukumomi da kansu suka ce akwai aji irin wannan wajen 36,000 a ƙasar. Azuzuwan nan ba ranar gobarar aka kafa su ba. Suna nan tsaye a watan Disamban 2020, lokacin da ƴan takara ke bin unguwa-unguwa suna neman ƙuri'armu. A wasu wuraren ma cikin harabar makarantun aka ajiye akwatin zaɓe, muka bi ta gefen zanar muka shiga muka dangwala. Iyaye ne ke haɗa kuɗin kara da zana kowace shekara bayan girbi, shi ya sa karatu ba ya kankama sai an yanke gero, kuma da hadari ya fara haɗuwa an tashi. Kowa ya san wannan. Ginin aji kuma aikin komin ne tun 2016. Duk da haka, a taron kamfe nawa aka tsaida ɗan takara aka ce masa: aji nawa na zana ke cikin komin ɗin nan, nawa za ka mayar na siminti kowace shekara, da wane kuɗi?

Na san abin da wasunku za su rubuto a ƙasa, kuma suna da hujja. Za su ce: kai mai rubutu, ka ƙoshi ne. Mutumin da bai san abin da zai sa a tukunya da dare ba, ka ce ya ƙi jika guda don alkawarin aji? Ya ga alkawura nawa suka wuce? Jikar nan ita kaɗai ce tabbas, ita kaɗai ce rabonsa daga dukiyar ƙasa sai bayan shekara biyar. Wannan gaskiya ne, kuma ban ɗauki talakan da ya karɓa a matsayin wawa ba. Lissafinsa daidai ne in shi kaɗai ne. Matsalar ita ce in mutum dubu goma suka yi wannan lissafi kowa shi kaɗai, sakamakon shi ne zana. Kuma mu faɗi gaskiya, ba talaka kaɗai ke cika zauren ba. Malamin lakkwal mai neman a maida shi birni, ɗan kasuwa mai neman a sauke masa patanti, ɗan boko mai neman a ɗauki ƙaninsa aiki a meri, mu ƴan farar hula masu neman a ba mu fili ko a sa mu cikin kwamiti, duk layi ɗaya ne, sai dai wasu ta ƙofar baya suke shiga. Roƙon mai riga fes ya fi na tsohuwa mai rufin ɗaki tsada nesa ba kusa ba.

Hujja ta biyu da za a kawo ita ce tsarin zaɓen kansa. Ba mutum muke zaɓa ba, jerin sunayen jam'iyya muke dangwala wa, kuma ba mu ke zaɓen magajin gari ba, kansiloli ke zaɓensa a tsakaninsu. Jam'iyyar da ta zo ta ɗaya tana iya wayar gari ta ga ƙawance ya kwashe kujerar. Magajin gari kuma kullum yana kwana da ido ɗaya, don kansiloli suna iya haɗa kai su tsige shi, gwamnati ma tana iya sauke shi, kamar yadda aka yi wa na Yamai a 2013 da kuma 2017. Mutumin da ke cikin wannan hali, wa zai fi tsoro, mu ko kansiloli goma sha biyar da uban jam'iyya? Wannan ma gaskiya ne, kuma duk ranar da aka zo rubuta sabuwar dokar zaɓe ya kamata a sa shi a faifai: a bar jama'a su zaɓi magajin garinsu kai tsaye, su san wanda za su riƙe. Amma ko a tsohon tsarin, jam'iyya ba ta sa mutum a saman jeri sai ta ga yana da jama'a, kuma mu ne muke fassara abin da "yana da jama'a" ke nufi.

Sai maganar "namu". Ɗan garinmu ne, ɗan gidan sarautarmu ne, jam'iyyar ubanmu ce tun 1993. Akwai yankuna a ƙasar nan da kowa ya san inda ƙuri'arsu za ta faɗa tun kafin a buga takardu. A ganina babu cinikin da ya kai wannan asara. Wanda kuke so ya san ko bai yi komai ba kuna nan, wanda ba ku so ya san ko ya yi ba za ku zo ba, to wa zai wahalar da kansa? Ku dubi ƙishirwar Damagaram. Babu wanda zai ce mutanen Zinder ba su faɗi abin da suke so ba, shekara da shekaru maganar ruwa ce a bakin kowa, daga Gogo da Machaya zuwa Arunguza an yi ta jawo bututu, gari yana girma yana wuce su, mata da yara suna kwana a layin famfo da bido, ƴan ga-ruwa suna tsawwala kuɗi da bazara. Aikin ya fi ƙarfin komin, ya fi ƙarfin majalisar jaha, na sani. Amma duk ɗan takarar da ya zo ya yi alkawarin ruwa, kuma da wuya ka ji an ce wane ya rasa ƙuri'ar Damagaram saboda ruwa, ko wane ya same ta saboda ruwa. Buƙatar da ba ta sauya ƙuri'a, ɗan siyasa yana jin ta kamar kukan kurciya ne, ya ji ya wuce.

Inda na ga abin yana tafiya daban, galibi wajen mata ne. Ƙungiyoyin mata na adashi da asusu in suka zauna da ɗan takara, sau da yawa abin da suke nema na kowa ne: injin niƙa, famfo kusa da gari, ungozoma a gidan likita, motar ɗaukar mai naƙuda. Dalili a fili yake, su ne ke daka, su ke ɗibar ruwa, su ke goya mara lafiya. Kuma suna da abin da fadar samari ba ta da shi, wato suna haɗuwa kowane mako, suna da shugaba, suna riƙe lissafi, ba sa mantuwa. Dokar kaso da aka kafa a 2000, aka ɗaga ta zuwa 25 cikin ɗari na kujerun zaɓe a 2019, ta shigar da mata majalisun komin, ko da yake wasu an sa su ne don cika jeri. Ƙauyen da ya haɗa baki ya ce wa duk ƴan takara abu guda, rijiya muke so, kuma ya tuna da maganar bayan shekara biyar, ya fi samun rijiya bisa ƙauyen da kowane mai gida ya bi dare ya karɓi nasa. Ɗan takara ma sauƙi ne gare shi: rijiya guda ta fi masa arha bisa sallamar zaure har shekara biyar.

Yanzu dai babu akwati. Kantoma ba ya neman ƙuri'ar kowa, wanda ya naɗa shi yake kallo. Wasu na ganin wannan ne maganin, tunda ba shi da bashin Alhaji ko na uban jam'iyya a wuyansa. A wasu garuruwa an ga an kwashe shara, an buɗe hanyoyin ruwa, kuma duk wanda ya yi aiki a yaba masa. Amma in bai yi ba fa? Magajin garin da bai yi ba, aƙalla akwai ranar da za a iya ce masa sauka. Kuma na lura zauren bai watse ba, mai gidan ne kawai ya sauya. Takardar magani da ragon suna da neman fili suna nan yadda suke. In muka shafe shekarun nan muna koya wa kantomomi darasin da muka koya wa magadan gari, duk wanda ya zo bayansu zai tarar da allon a rubuce.

Lanho dai ba a daina karɓa ba, tikitin kasuwa ma haka, kuma wanda ke biya yana da bakin tambaya ko da zaɓe ko babu. Kowace komin tana da kasafin kuɗi na shekara, kuma akwai kundin tsarin raya komin da ake kira PDC, wanda aka tara mutane aka rubuta, yawanci yana can cikin kabad ƙura ta rufe shi. Ba sirrin ƙasa ba ne. Ku je meri ku nemi gani, cikin ladabi, ku biyar ko goma, da dattijo da mace a cikinku. Ku duba nawa aka sa wa gini da gyara, nawa aka sa wa mai da tafiye-tafiye da tarbar baƙi. In an hana ku, ku rubuta ranar da wanda ya hana, ku koma.

Ga kuma abin da nike roƙon kowace fada da kowace ƙungiyar mata da ke bin wannan shafi, daga Tasawa zuwa Konni, daga Mirriya zuwa Madawa, har unguwannin Yamai. Ku zaga makarantun firamaren unguwarku ko ƙauyenku ku ƙidaya: aji nawa na siminti, nawa na laka, nawa na zana, yara nawa ke cikin na zanar. Ku ƙidaya famfon da ya mutu da tsawon lokacin da ya yi a mace. Ku bi kanibo da ƙafa ku ga inda ya cushe da inda aka yi gini a kansa. Ku rubuta a takarda, ku sa kwanan wata, ku kai kofi ɗaya meri, ku ba mai gari ko mai unguwa ɗaya, ku riƙe ɗaya. Ku aiko mana da hotonta a nan, za mu jera su komin bayan komin, mu sake ƙidayawa baɗi war haka. Takardar nan ce za a shimfiɗa wa kantoma yanzu, ita ce kuma za a shimfiɗa wa duk wanda ya shigo da buhun sukari ranar da aka buɗe kamfe. Waɗanda ke da makarantar zana a kusa, su fara da ita kafin a kafa sabbin rumfuna bayan girbi.